Kundin Aikin Injin Ware Kiret da Ɗora Shi a Kakuri

Litinin, 2 ga Disamba, 2024

Alhaji ya ga zane ya amince, ya kuma ba da kafin alƙalami, don haka aiki ya tabbata. Injuna biyu za mu ƙera masa a sitonsa da ke Kakuri a Kaduna, inda yake ba dillalan tumatir hayar kiret ɗin roba, yake kuma tace nasa tumatir kafin a yi lodin Legas. Na farko mai warewa ne. Kiret ɗin da suka dawo babu kaya, an cusa wani cikin wani, shi zai riƙa zare su ɗaya-ɗaya yana sakewa a kan bel zuwa wurin wanki. Na biyu mai ɗorawa ne, a can ƙarshen layi: in kiret ya cika an auna, injin ya ɗora su hawa biyar ya turo waje, a kai bakin mota.

Wankin nan ba ado ba ne. Duk wanda ya ga shekarar 2016, lokacin da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ya san kiret ɗin da ya fito wata gona ya shiga wata ba a wanke ba yana iya ɗauko annoba. Injin wankin da Alhaji ya saya yana da sauri, amma masu ba shi kiret da hannu ba sa iya bin sa. Sau da yawa juyawa yake a banza, yana shan ruwa da wuta.

Mai ɗorawar daga ƙasa zai riƙa gini. Kiret zai shigo ya tsaya, faranti ya tura shi sama, bakinsa ya ture sakatu huɗu masu sifirin, da ya wuce su koma su tallafe shi. Na gaba ya shigo ƙarƙashi, a tura shi, ya ɗauki na farko a ka su hau tare. In na biyar ya karɓi nauyin sauran, sai a buɗe sakatu, faranti ya sauko da jerin gaba ɗaya, sarƙa ta fitar da shi. Amfanin wannan tsari shi ne farantin ba ya wuce tsayin kiret ɗaya da ɗan ƙari, kuma babu wani hannun ƙarfe da zai riƙa shawagi a kan mutane.

Mu uku ne. Ogana na Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, shi ne mai ƙarfe da walda, ni ke da wuta da iska, sai wani ɗalibi daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke koyon aiki a wurinmu.

Asabar, 14 ga Disamba

Kafin mu yanka ƙarfe na ce sai an auna kiret. Alhaji ya yi dariya, ya ce, "Injiniya, kiret ai kiret ne." Mun zauna da tef da takarda muka riƙa zaro su daga lungu-lungun sito, sai ga shi kiret ɗin nasa iri uku ne daga masana'antu daban-daban, ga kuma baƙin da suka shigo ta hanyar musaya a kasuwar Mile 12 ta Legas. A ido duk ɗaya suke, santimita 60 a tsawo, 40 a faɗi. A tef kuwa akwai wanda bakinsa ya fito da milimita 12, akwai mai 7. Sakatar injin a ƙarƙashin wannan baki za ta kama, to bambancin milimita 5 shi ne tsakanin riƙewa da suɓucewa.

Ba wannan kaɗai ba. Roba in ta sha rana sai ta yi fari ta riƙa karyewa, wanda kuma aka daɗe ana jibga masa nauyi cikin zafi sai cikinsa ya bultso. Waɗanda suka tsage an ɗinke su da waya, wasu an liƙe da ƙarfe mai zafi. Ɗan lodi ba ya ma lura da waɗannan. Hannunsa yana jin inda kiret ya karkace ya ɗan murɗa shi ya zauna, bai san ya yi wani gyara ba. Inji ba shi da wannan dabara.

Ma'aunin 60 da 40 ɗin nan ba da ka aka zaɓe shi ba. Kiret huɗu suna cika katakon falet, wanda ake jera kaya a kai, mai santimita 120 da 80 daidai, biyar kuma suna cika mai 120 da 100. A Turai a kan wannan lissafi aka gina bel da tirela da ɗakunan ajiya.

Da yamma ina wucewa ta gefen tashar jiragen ruwa ta kan tudu, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a nan Kakuri a watan Janairun 2018, sai na tsaya kallon kwantenoni. Darasin aikinmu yana jikinsu. A 1956 Malcom McLean ya ɗora kwantena 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston a Amurka, amma abin da ya sa harkar ta game duniya shi ne da aka yarda a kan girma ɗaya da kusurwa ɗaya. Injiniyansa Keith Tantlinger ne ya ƙirƙiro makullin nan da ake murɗawa a kusurwa, aka sake shi kowa ya yi amfani da shi, ƙungiyar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, kuma ta kafa ma'auni a ƙarshen shekarun 1960. Saboda kowace kwantena ramukanta na kusurwa a wuri ɗaya suke, shi ya sa a 1993 tashar Rotterdam ta iya sakin ƙugiyoyi suna jera kwantena ba direba. Sai da aka daidaita akwati kafin a yi maganar inji. Mu a sitonmu an yi odar inji, akwatin bai daidaita ba.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Gangar jikin mai ɗorawa ta tsaya a Panteka. Ƙarfen bututu mai kusurwa huɗu muka sa, faranti da sandunan da yake zamewa a kai kuma daga wani tsohon inji Oga ya ciro su, cikin ragowar kayan masaƙun da suka mutu. Wanda bai san Kakuri ba zai yi mamakin irin ƙarfen da har yau yake fitowa daga can. Masaƙar KTL tun 1957 aka buɗe ta, kuma injunan wancan zamani ba a yi musu rowar ƙarfe ba.

Mun yi gardama da Oga a kan silindar da za ta ɗaga faranti, wato bututun da matsattsiyar iska ke tura sanda a cikinsa. Yana da mai faɗin milimita 63 a ajiye, yana so a yi amfani da ita. Na zauna na yi masa lissafi a jikin ƙarfe da alli. Kiret cike yana ɗaukar tumatir kilo 25, shi kansa wajen kilo 2, biyar kenan kilo 135, ban da nauyin faranti. Fuskar silinda mai 63 santimita murabba'i 31 ce da ɗoriya, in iska ta kai ba 6, ba ɗin nan shi ne ma'aunin matsin iska, za ta tura kusan kilo 190. A takarda ya isa. Amma iskar sito ba ta zama a 6. In kwamfuresa ta gaji ta sauko 4 da rabi, ƙarfin ya dawo wajen kilo 143, wato jerin zai tsaya a rabin hanya yana rawa. Mai faɗin 80 tana ba da sama da kilo 300 a ba 6, ko a ba 4 tana wuce 200. Oga ya kalli allin ya ce, "To, yaro, ka ci. Amma kai za ka faɗa wa Alhaji kuɗinta."

Babbar silinda tana da nata haraji. Hawa da sauka ɗaya a tazarar santimita 35 yana shan iska wajen lita 24. In ana son kiret 10 a minti, lita 240 kenan, ban da ta sakatu, ban da ta mai warewa. Kwamfuresar da ke sito ta masu faci ce, ba za ta iya ba. Iska hanya ce mai tsada ta motsa abu, domin galibin wutar da kwamfuresa ke sha zafi take zama. Na zaɓe ta duk da haka saboda ba ta tsoron ruwan wanki, kuma in bawul, mai buɗe wa iska hanya da rufewa, ya lalace akwai mai gyara shi a garin nan.

Talata, 21 ga Janairu

Jiran kaya muke. Silinda da bawuloli daga Legas za su zo, wanda muka ba odar kullum cewa yake suna hanya. Cikin jiran na rubuta tsarin da za a zuba wa PLC, ƙaramar kwamfutar da ke ba injin umarni, ina kuma koya wa ɗalibinmu karanta shi. Ya yi mamaki da na ce masa na'urar ta girme mu duka: a ƙarshen shekarun 1960 aka ƙera ta farko, Modicon 084, don masana'antar motoci ta General Motors, kuma salon rubutun nan mai kama da tsani an yi shi ne don masu aikin wuta su gane ba sai sun koma makaranta ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mai ɗorawa ya iso sito, mun ɗaure shi da ƙasa, ya yi motsin farko. Da sababbin kiret, waɗanda muka cika da buhunan yashi, aikin ya yi kyau ƙwarai. Faranti ya hau, sakatu su yi ƙas, ya sauko. 'Yan lodi suka taru suna kallo, wani har da tafi.

Sai muka fara sa masa kiret na yau da kullum, idanun injin suka fara ba mu aiki. Sensar da ke bakin shiga irin mai jefa haske ce ta jira ya dawo daga jikin abu. Jan kiret da shuɗi tana ganin su, baƙi kuwa yana shanye hasken, sai ya wuce ta gabanta kamar bai zo ba, na bayansa ya zo ya doke shi. Ga kuma ramukan jikin kiret: haske ya shige ta rami, kwamfuta ta ɗauka kiret ya wuce, ta ƙirga ɗaya a matsayin uku. Mun canza zuwa sensa mai gida biyu, mai aikawa a gefe ɗaya mai karɓa a ɗayan, muka saita ta daidai gindin kiret inda babu rami. Na kuma sa wa kwamfuta sharaɗin kada ta yarda da ganin da bai kai kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa ba.

Ƙurar hunturu ma ta sa hannu. Kafin azahar gilashin sensa ya yi fari, feshin injin wanki ya sauka a kai ya zama taɓo. Oga ya yi musu 'yar rumfa da guntun bututu, muka rataye tsumma kusa, kowace safiya a goge.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne juyi. Irin wannan kiret in ka ɗora shi fuska ɗaya da na ƙasa sai ya nutse cikinsa, in ka juya shi gaba ya koma baya sai ya zauna a kan baki. Wannan dabara ce ta sa marasa kaya ba sa cin wuri a hanyar dawowa. Amma a mai ɗorawa, in biyu suka zo a jere da fuska ɗaya, na sama zai nutse ya murƙushe tumatir kilo 25, ga nauyin wasu a kansa. Teburin juyi mai aiki da kansa zai ƙara kuɗi da wata silinda da wani wurin lalacewa. Muka tsaya a kan mai awo ya riƙa juya su da hannu, injin kuma ya duba. Ƙarshen kiret biyu ba su da haƙarƙari iri ɗaya, ƙananan sensa biyu suna bambance su. In fuskar ba daidai ba ce, bel ya tsaya, fitila ta kama. Na fi son injin da zai ƙi karɓa a kan wanda zai yi ƙoƙarin gyara komai.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Yau an ɗauke wuta jeri yana sama, kuma abin da muka tanada ya yi aiki, shi ya sa nake son rubuta shi dalla-dalla.

Injunan da ake kawowa daga waje galibi an ƙera su ne a inda ɗauke wuta labari ne. A nan tambayar farko ita ce, in wuta ta tafi a tsakiyar motsi ina kilo 135 zai tafi? Bawul mai sifirin da zarar ya rasa wuta komawa yake mazauninsa, silinda ta saki, kaya su rufto. Don haka muka sa wa silindar ɗagawa wani ƙaramin bawul a bakinta wanda ba ya barin iska ta fita sai an ba shi umarni. Wuta ta tafi ko tiyo ya fashe, faranti ya daskare a inda yake. Sakatu kuma sifirin ne ke rufe su, iska buɗe su kawai take yi. Ba wuta, ba iska, a rufe suke.

Saura ƙwaƙwalwa. In wuta ta dawo, injin ya san kiret nawa ke sama? Ana iya sa kwamfuta ta riƙe lissafi, amma cikin duhun nan wani zai iya zare kiret da hannu, lissafi ya zama ƙarya. Na hana ta dogara da abin da ta tuna. In ta farka ba ta motsa komai sai mutum ya danna, sannan ta duba tsayin jerin da sensa ta san gaskiyar abin da ke gabanta.

Abin da ba a tanada ba ya fito ta wajen janareta. Da aka tayar da shi bel ya riƙa tafiya baya. Wanda ya yi wa sito wayarin ya sarƙe layi biyu cikin ukun, kuma moto mai layi uku in aka musanya masa biyu juyawa yake da baya. Fanka da famfon wanki sun daɗe a haka ba wanda ya lura, sai dai a ce ba sa ƙarfi a janareta. Mun gyara, muka ƙara 'yar na'urar da ke hana injin tashi in layukan ba su zo a jere ba, ko ɗaya ya ɓace.

Raga ta kewaye injin yanzu, ƙofarta in an buɗe komai ya tsaya, ga jan maɓalli a kowane gefe. Na tara yara na nuna musu: jan maɓalli yana tsayar da motsi, amma iska na nan a ɗaure cikin silinda. Wanda zai sa hannu ciki sai ya tokare faranti da sandar da muka rataye, ya saki iska, ya sa kwaɗo a makunni ya jefa makullin a aljihunsa.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, mun koma aiki daga bayan asuba zuwa azahar. Kakar tumatir na kan ganiyarta, motoci na shigowa daga wajen Ikara da Zariya, sito ba masaka tsinke, ga mu a tsakiya da mai warewa wanda ya ƙi mu.

A zane abu ne mai sauƙi. Yatsu biyu su riƙe bakin kiret na biyu, a saki na ƙasa ya faɗa kan bel. Sai dai ba ya faɗawa. Kiret ɗin da ya yi tafiyar Legas ya dawo an danne shi da nauyin 'yan uwansa, ga ruwan ruɓaɓɓen tumatir ya bushe tsakaninsu ya zama ƙaro, ga waya ta ɗinki ta saƙale. Wani lokaci biyu su faɗo a manne, wani lokaci ba ko ɗaya. Nauyin kiret kilo 2 bai isa ya raba su ba.

Dattijon da ke shugabantar 'yan lodi ya daɗe yana kallonmu. Ya matso ya ce, "Ɗana, ba haka ake raba su ba. Ba a ja a miƙe." Ya ɗauki biyu da suka manne, ya danna kusurwa ɗaya da gwiwa, ya fizge ta gefe, suka rabu nan take. Na ce, "Baba, sake yi a hankali in gani." Ashe sirrin a karkatawa yake. In ka ja ta ko'ina lokaci ɗaya, duk gefuna huɗu suna riƙe da kai. In ka fara da gefe ɗaya, gefe ɗaya kawai kake yaƙi da shi, iska ta shiga, sauran su saki. Mun ƙara ƙananan silinda biyu masu danna bakin kiret na ƙasa, na sa ta hagu ta riga ta dama da ɗan ƙiftawar ido. Bambancin a bayyane yake.

Bayan an tashi Baba ya tsayar da ni, ya tambayi abin da na san yana cin su tun Disamba. Su a kan ƙirge ake biyan su, in inji ya ɗauki warewa da ɗorawa, me ya rage? Na gaya masa iyakar abin da ke hannuna. Injin ba ya sauke mota, ba ya loda ta, ba ya tace kiret. Na kuma gaya masa hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ya riƙa ɗagawa ko a yanayi mafi kyau, su kuwa kilo 27 suke kaiwa har tsayin kafaɗa yini guda. Ya ce, "Bayana ya san wannan tun kafin Amurka ta sani. Amma baya ba ya cefane." Maganar kuɗi ta Alhaji ce, na yi alkawarin zan kai masa.

Litinin, 24 ga Maris

Na sa ɗalibinmu ya riƙa rubuta dalilin kowace tsayawa a littafi, ba tare da ya zaɓa ba. Da muka duba, laifin injin kansa kaɗan ne: sensa ta yi datti, noti ya kwance. Kusan duk sauran kiret ne. Karyayyen baki, bultsattsen ciki, ɗinkin waya, ko baƙon iri mai siririn baki.

Ana iya bin kowace matsala da ƙarin sensa da ƙarin silinda, har injin ya zama abin da ba mai iya gyara shi sai ni. Ban yarda da wannan hanya ba. Oga ya ƙera ƙofar gwaji, firam ɗin ƙarfe kawai mai faɗin kiret lafiyayye da ɗan sarari, da wani harshe da ke auna baki. Wanda ya shige ya tafi layi, wanda ya maƙale a ware shi. Ba wuta, ba iska, kuɗinta bai kai na sensa ɗaya ba.

Da Alhaji ya ga tsibin da ƙofar ta ƙi, ransa bai yi daɗi ba. Ya ce, "Injiniya, na kawo ka ka rage mini aiki, ka zo kana rage mini kiret." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a ce a zubar ba. A shafa musu fenti a ba masu kai kaya Kasuwar Barci da Kawo, inda da hannu ake komai. Na Legas su zama iri ɗaya, in za a sayi sabo a saya wuri ɗaya." Na ƙara masa da cewa kiret ɗin da sakata ta kasa riƙewa shi ne dai wanda ke rushewa a cikin tirela bayan Jebba, sai dai can ba ya gani, a lissafin asara yake zuwa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce bayan Sallah.

Maganar 'yan lodi ma na kai. Ya yarda tacewa da gwaji su zama aiki mai kuɗinsa, mutum biyu kuma su koyi kula da injin a kan albashin wata. Ko hakan zai cike abin da suka rasa, sai an ga lissafin ƙarshen kaka.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai, iska ta fara ɗauko laima. Bawul ɗaya ya riƙa nauyin motsi, da muka buɗe ruwa ne a ciki. Iska in an matse ta ta huce sai ta zubar da ruwan da ke cikinta, kuma cikin hunturu ba mu ga haka ba saboda iskar a bushe take. Da damina abin zai fi haka. Mun karkata bututun iska ya gangara zuwa wurin tsiyaya, muka riƙa ɗaukar reshe daga samansa, muka sa matsiyaya mai aiki da kanta a gindin tanki.

Ƙafafun mai warewa sun fara tsatsa, domin ruwan wankin akwai sinadarin kulorin a ciki, kuma ba ya raga wa baƙin ƙarfe. Yatsun da ke taɓa kiret da ma na ƙarfen da ba ya tsatsa ne. Ƙafafun sai kaka ta wuce za mu cire mu canza.

Silinda mai 80 ba ta taɓa gazawa ba, ko da allurar iska ta sauko 4. Oga bai ce komai ba, ni ma ban tayar ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka, tumatirin rani ya ja baya, layin yana aiki rabin yini. Mai ɗorawa yana yin kiret 8 zuwa 9 a minti, bai kai 10 da muka rubuta ba, kuma mai awo ne ke riƙe shi, ba silinda ba. Mai warewa yana bin injin wanki daidai muddin kiret ya bi ta ƙofar gwaji. Ranar da aka yi gaggawa aka tsallake ta, littafin tsayawa ya cika shafi.

Alhaji ya yi odar sababbin kiret daga masana'anta ɗaya, ya kuma sa an rubuta a takardar haya cewa wanda ya dawo da baƙon iri shi zai biya. Dillalai na gunaguni, wasu sun ce za su koma kwando.

Abin da ya rage a wannan wata: canza ƙafafun mai warewa, ɗaga akwatin wuta daga ƙasa kafin ruwa ya fara shiga sito, da rubuta takardar kula da inji da Hausa, da boko da ajami, domin ɗaya cikin mutum biyun da ke koyo ajami ya fi karantawa. Sifirin ɗin sakatu za mu sayi ninki biyu mu ajiye, su ne za su fara gajiya. Wani mai gidan burodi daga Tudun Wada ya zo ya ga injin, yana son irinsa. Na ce ya turo mana farantansa daga kowane iri da yake da su, tsoho da sabo, ranar Alhamis za mu auna.